Sun ce za su saya, da na soya kuma sai shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, na so in fara sana'ar dambun nama, kafin in fara sai da na tambaya a guruf ɗinmu na WhatsApp na matan unguwa, mata sun fi talatin suka ce wallahi za su dinga saya, wasu har cewa suke in aje musu roba bibbiyu. Na kwashi adashina na aika abbatuwar Oko-Oba aka sayo nama na yi, amma waɗanda suka saya ko goma basu kai ba. Anti yaudarata suka yi ko hassada ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya mayar miki da alheri, abun da ciwo kam. Amma ni dai ban ga hassada a nan ba, kuma mafi yawansu ba ƙarya suka miki ba, lokacin da suke rubuta "zan saya" har zuciyarsu haka suke ji. Matsalar ita ce amsar da ba a biya mata ko sisi daban take da wadda sai an buɗe jaka.

Masana sun daɗe da gano wannan, in ka tambayi mutum nawa zai iya biya wa abu alhali ya san ba yanzu zai biya ba, kuɗin da zai faɗa yakan fi wanda zai fitar in da gaske ne. A 2011 Colin Camerer da abokan aikinsa a jami'ar Caltech ta Amurka sun saka mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu kaya da farashi, da farko aka ce tambaya ce kawai, daga baya aka ce toh yanzu da gaske ne da kuɗinku. Sayen ya ragu. Abun da ya fi ɗaukar hankalina shine wuraren da ke auna darajar abu a ƙwaƙwalwa ɗaya ne a duka biyun, har da wani yanki a gaban kai saitin saman idanu, sai dai in da gaske ne aikinsu ya fi ƙarfi. Kinga kenan ma'aunin ɗaya ne amma sai kuɗi zai fita ake ɗora komai a kai, a lokacin ne matar za ta tuna kuɗin makarantar yara da gas da ya ƙare da kuɗin hayar Legas ɗin nan da ba ya jira.

Sannan ga kara irin tamu, mace ta ga maƙwabta goma sun rubuta "in sha Allah" a guruf, da wane ido za ta ce ita bata so? Wannan ma ba mugunta bace, kunya ce, kuma ke ma kin san ta.

Don Allah kar ki bar sana'ar, ki canja yadda kike tambaya ne kawai. Ki daina cewa "wa zai saya", ki ce ranar Juma'a zan yi, roba kaza ce, mai so ta turo kafin alƙalami zuwa Laraba, ko rabi ne. Wadda ta yi transfa ita ce odarki, ki sayi nama daidai su ki ƙara kaɗan saboda masu gani su yi sha'awa. Waɗancan da suka saya kuwa ki riƙe su da kyau ki tambaye su yaji ya yi ko ya yi yawa, don su ne kwastomominki na gaskiya.

Tambaya: Anti ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12. Kullum ina cewa duk ranar da ƙanina ya shiga matsala zan ba shi ko nawa ne, sai gashi ya zo neman rance na ji hannuna ya yi nauyi, rabi na ba shi. Abun na damuna, anya ba munafunci gare ni ba?

Amsa: Malam damuwar da ka yi ma alama ce mai kyau. A 2012 a Kambirij ta Ingila, Oriel FeldmanHall da abokan aikinta sun ba mutane fam 20 aka ce za su iya kashewa don rage wa wani zafin jan lantarki, abun da ya rage nasu ne. Waɗanda aka tambaya da baki sun ce za su sadaukar da kuɗin, amma da aka damƙa kuɗin a hannu mafi yawansa aljihu ya shiga. Wani masani kuma, George Loewenstein, ya bayyana cewa mutum in yana cikin natsuwa ba ya iya hasashen yadda zai ji in yunwa ko tsoro ko matsi ya kama shi, kuma haka in an juya, kamar mai azumi da la'asar da zai cika faranti yana ganin zai cinye, a sha ruwa ya kasa rabi.

Kai ranar da kake alƙawarin ba ka da bashin motar albasa daga Arewa a wuyanka, ranar da ya zo kana da shi. Shawarata ka yanke tun yanzu, duk motar da ka sauke ka ware wani abu takamaimai da sunan 'yan uwa ka aje daban da jari, yadda in buƙata ta taso ba sai ka yi kokawa da zuciyarka a gaban mutum ba. Ƙanin naka kuma ka kira shi ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki da ranar da za ka iya cika masa sauran.