Tambaya da Amsa: Zan Samu Gurbin Digiri na Biyu a Fannin Manufofin Gwamnati da Hulɗar Ƙasashe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta kimiyyar siyasa, na fita da maki 3.3 cikin 4, kuma shekarata biyu ina aiki da wata ƙungiyar agaji. A jarrabawar GRE, wadda ake zanawa don neman gurbin digiri na biyu, na samu 160 a ɓangaren harshe, 151 a lissafi. Ina harin makarantar Kennedy ta Harvard, da Princeton, da makarantar SIPA ta Columbia, duk a Amurka. Akwai rabo, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka haƙura, amma jerin nan naka yana buƙatar gyara, domin duk ƙwanka ka zuba a kwando ɗaya, kuma kwandon da kowa ke rububi.

Kwamitin tantancewa abu biyu yake nema a takardunka. Na farko, za ka iya darussan shekarar farko? A nan ne mutane da yawa ke ruɗar kansu. Suna zaton karatun manufofin gwamnati muhawara ce da rubutu, alhali kashin bayansa tattalin arziki ne da ƙididdiga. Saboda haka 3.3 ɗinka ba shi ne abin damuwa ba. Za a buɗe takardar sakamakonka a duba me ka ci a darussan da ke da lissafi. Idan babu su kwata-kwata, nauyin duka ya koma kan GRE, kuma 151 ba zai ɗauke shi ba: ana auna harshe da lissafi kowanne daga 130 zuwa 170, kuma fiye da rabin masu zana jarrabawar suna wuce 151 a lissafi. Makin harshenka mai kyau ne, sai dai ba ya toshe wannan ramin.

Gyaran kashi biyu ne. Ka sake zana GRE bayan wata biyu ko uku na atisayen lissafi zalla, kana harin 160 ko sama. Sannan ka ɗauki darasin tattalin arziki na matakin farko da na ƙididdiga a jami'ar da za ta ba ka sakamako a rubuce. Shaidar kallon darasi a intanet ba ta kai wannan nauyi ba, domin ba ta nuna an gwada ka da gaske. Wasu makarantu sun mayar da GRE na ganin dama, amma ga mai irin takardunka, ƙin aika shi tamkar barin tambayar kwamiti ce ba amsa.

Abu na biyu, me ka taɓa yi wa jama'a, kuma ina ka dosa? Shekara biyu ta isa a saurare ka, ko da yake za ka yi gogayya da masu uku zuwa biyar. Sunan ƙungiyar ba ya burge kowa. Abin da ake so a gani shi ne abin da aka damƙa maka: kasafin nawa ka riƙe, mutum nawa ka jagoranta, wace shawara ka kawo aka bi, me ya canja bayanta. Wanda ya rubuta "na taimaka wajen gudanar da shirye-shirye" bai faɗi komai ba.

Princeton tana biya wa duk wanda ta ɗauka kuɗin karatu, ajinta kuma ƙarami ne, kuma tana neman ka rubuta takardar shawara kan wata matsalar gwamnati ban da maƙalar tarihinka. Da 151 ƙofarta a rufe take kusan gaba ɗaya. SIPA ajinta babba ne, shiga ta fi sauƙi, amma kuɗin kyauta ya fi wuya. Ka bar biyu daga cikin ukun, ka ƙara uku ko huɗu da suka fi kusa da ƙarfinka. Duba Fletcher ta Tufts, SAIS ta Johns Hopkins, Harris ta Chicago idan lissafinka ya gyaru, da Hertie a Balin ta Jamus.

Tambaya: Ni injiniya ce, lissafi ba matsalata ba ne, amma ban taɓa aikin gwamnati ko na ƙungiya ba. Za a kalle ni kuwa?

Amsa: Za a kalle ki, 'yar'uwa, har da murmushi. Aikinki yana kan maƙala: ki nuna inda aikin injiniya ya haɗa ki da doka ko tsarin hukuma, kamar farashin lantarki ko lasisin ruwa, har kika gane matsalar ta fi ƙarfin zane. Idan kina sha'awar shirin MPA/ID na Harvard, mai karkata ga tattalin arzikin ci gaba, ki sani ana sharɗanta darussan tattalin arziki na ƙanana da manyan ma'auni tare da lissafin kalkulas mai zurfi. Kalkulas kina da shi, sauran ne za ki nemo.

Tambaya: Wa ya kamata ya rubuta mini wasiƙar shaida? Akwai wani babban mutum da zai iya sa mini hannu.

Amsa: Bar babban mutum ya huta. Yawanci wasiƙa uku ake nema, kuma wadda ta fi amfani ita ce ta wanda ya ga aikinka da idonsa: malami ɗaya da ya duba rubutunka, shugabanni biyu da ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Wasiƙar da ke cewa "yaro ne mai ladabi da hazaƙa" kwamiti ya ga dubunta. Ka ba marubutan aƙalla mako shida, ka tura musu tarihin aikinka da daftarin maƙalarka, ka tuna musu da ayyuka biyu ko uku da za su iya ambata da suna. Abin da ke yawan ɓata lamari shi ne makara: ta intanet suke loda wasiƙar da kansu, kuma idan ɗaya bai loda ba, takardunka ba su cika ba, ko da ka gama naka tun da wuri.

Tambaya: An ba ni gurbi amma babu tallafi. In karɓa in ci bashi?

Amsa: Samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kuma ya kamata a auna su tare tun ranar zaɓen makarantu. Albashin aikin gwamnati da na ƙungiyoyi ba ya biyan bashin shekara biyu a Amurka cikin sauƙi. Idan wata makarantar ta ba ka tallafi, rubuta wa wadda kake so cikin ladabi, ka haɗa da shaidar, ka nemi a sake duba naka. Wani lokaci ana ƙarawa. In ba haka ba, duba shirye-shiryen shekara ɗaya, kamar na makarantar Blavatnik a Oxford, tare da tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke neman aƙalla shekara biyu ta aiki kuma ake rufe nemansa kafin yawancin jami'o'i su rufe nasu. Idan za ka jira baɗi ka sake nema, duba ranakun jarrabawarka: sakamakon GRE yana aiki shekara biyar, amma na jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS biyu kacal, kuma manyan makarantun Amurka tun Disamba suke fara rufe karɓar takardu.