Amsa ga Yaya kan baƙin tabon tafin ƙafa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ga saƙonki da hoton da kika turo, na kuma ga abin da Kawu ya rubuta a ƙasansa. Maganar ta fi ƙarfin rubutu da yatsa, shi ya sa na danna murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Ga waɗanda ba su bi zancen ba, Yaya ce ta ce maigidanta yana da wani baƙin tabo a tafin ƙafa, kusa da dunduniya, ya daɗe, an fi wata shida ana ganinsa. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, amma ita a idonta yana ƙara faɗi. Tana tambaya ko abin damuwa ne. Kawu kuma ya ce ta kwantar da hankalinta, kansar fata ciwon Turawa ne, ba ta kama baƙar fata.

To Yaya, bari in fara ba ki amsarki kafin dogon bayani. A kai shi likita ya duba, cikin makon nan, kada a ce sai an samu sarari. Ban ce kansa ce ba, ki ji ni da kyau. Babu likitan da zai yanke hukunci daga hoton waya, komai ƙwarewarsa. Yana iya zama jini ne ya kwanta, yana iya zama tawadar Allah ce da ba a taɓa lura da ita ba. Amma wurin da tabon yake, da daɗewarsa, da wannan faɗin da kika ce yana yi, su ne suka hana ni cewa a bar shi.

Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarku akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba. A fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne yin launi, wannan launin ana ce masa melanin. Baƙi da fari, yawan ƙwayoyin nan kusan ɗaya ne, bambancin kawai na wani sun fi na wani fitar da launi. Shi melanin yana tare wani ɓangare na hasken rana mai lahani, wanda ake kira UV. Melanoma ita ce kansar da ke tasowa idan waɗannan ƙwayoyin suka lalace suka shiga hayayyafa ba tsayawa. Ke nan duk mai irin ƙwayoyin nan zai iya kamuwa, kuma kowa yana da su.

Gaskiya ne ta fi yawa ga fararen fata, nesa ba kusa ba. A ƙididdigar Amurka, cikin farare 33 mutum ɗaya zai yi melanoma a rayuwarsa, cikin baƙaƙe kuwa sai an tara 1,000 kafin a samu ɗaya. Ostareliya da New Zealand su ne kan gaba a duniya, fararen mutane ne a ƙasa mai zafin rana. Har nan Kawu ku ke da gaskiya. Amma ku saurari ɗaya ɓangaren. A Amurkar dai, cikin fararen da suka kamu, sama da kashi 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Cikin baƙaƙe abin bai wuce wajen kashi 70 ba. Wato mu ba ta cika kama mu ba, amma in ta kama ta fi kashe mu. Babban dalilin shi ne makara. Mai ciwon bai zaci zai iya yin ta ba, wani lokacin shi kansa ma'aikacin lafiyar bai kawo ta a ransa ba, sai a yi ta shafa maganin ƙaiƙayi ana canza takalmi.

Kuma ita ta baƙar fata ba a inda rana ke duka ta fi fitowa ba. Tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce, nan ne gidanta. Wane ne yake ɗaga ƙafarsa ya duba tafinta? Sai dai in ƙaya ta soke shi. Wannan nau'in ba rana ce ke kawo shi ba, don haka ko mutumin da bai taɓa wuni a rana ba yana iya yi. Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika, ita ce ajalinsa. A 1977 aka ga baƙi a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa, da farko an ɗauka rauni ne na ƙwallo. Likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai amince ba. Ta bi jiki ta kai huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu a watan Mayu na 1981 yana da shekara 36 kacal.

Bari in ɗan tsaya a kan farce, don na san yanzu kowa ya fara duba nasa, kada wata ta kasa barci yau. Baƙin layi a farce abu ne da ya zama ruwan dare ga masu baƙar fata, musamman in shekaru sun ja. In kika ga siraran layuka a farata da yawa, sun daɗe a yadda suke, galibi ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya tak, yawanci babban yatsa na hannu ko na ƙafa, wanda faɗinsa ya wuce milimita 3, yana ƙara faɗi, ko launinsa ba ɗaya ba, ko baƙin ya tsallake farcen ya hau kan fatar da ke gindinsa. Wannan tsallakewar likitoci suna ɗaukar ta da muhimmanci ƙwarai. Shi kuwa jinin da ya kwanta bayan an buge yatsa, farce na tsiro yana tafiya da shi gaba, har wata rana a yanke shi. In baƙin yana nan a gindi bai motsa ba wata da watanni, ko farcen ya fara tsagewa yana ɗagowa, ba na bugewa ba ne. Masu jan farce kuma, a riƙa gogewa lokaci lokaci ana ganin abin da ke ƙasa.

A sauran jiki, abin da ake koya wa mutane su lura da shi ba wuya. Tabon da in ka raba shi biyu a ido ɓangarorin ba su yi kama ba, gefensa ba a daidaice ba kamar ya malala, launinsa gauraye, nan baƙi ƙirin, nan ruwan ƙasa, can ja ko toka-toka, girmansa ya wuce milimita 6. Amma ni a wajena duk cikinsu babu kamar canzawa. Abin da yake yau ba haka yake wata uku baya ba, ko ya fara jini, ko ya tsattsage ya ƙi warkewa. Sannan mutane suna ɗauka sai tsohuwar tawadar Allah ce ke rikiɗewa ta zama kansa. A'a, mafi yawan melanoma sabon tabo ne da ke fitowa a fatar da a da lafiyarta lau. Akwai ma wadda ba ta da baƙi sam, ja ce ko kalar nama, wannan ita ta fi yaudara. Af, waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙurajen da ke fitowa a kumatu da wuya in an fara manyanta, irin na Inna, waɗannan ba kansa ba ne, a bar su.

Yanzu abin da ya sa nake gaggawa, Yaya. Ita melanoma da farko a saman fata take shimfiɗuwa, daga baya ta fara nutsewa ƙasa. Kamar ciyawa ce, ba ganyen da ke sama ake dubawa ba, saiwar ake dubawa. Tun 1970 wani likita mai suna Alexander Breslow ya nuna cewa zurfin da ta yi shi ne ya fi komai nuna yadda za ta kaya, kuma har gobe da ma'auninsa ake aiki. In zurfin bai kai milimita 1 ba, yawanci a yanke ta da ɗan naman da ke kewaye, shi ke nan an gama. In ya wuce milimita 4, lissafi ya canza. Milimita fa nake cewa, ba inci ba. Da ta nutse sai ta samu hanya zuwa kaluluwa, ta ƙafa tana zuwa matsematsi, ta hannu tana zuwa hammata, daga nan hanta, huhu, ƙwaƙwalwa. Wadda aka kama tana wuri ɗaya, kusan kashi 99 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Wadda ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Ciwo ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya raba su. Kuma rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne, a farkonta ba ta zafi, shi ya sa ake sakaci da ita.

Na san abin da zai zo bayan wannan, wani zai ce ai in wuƙa ta taɓa kansa sai ta bazu. Wannan maganar ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Ɗibar nama don gwaji ba ya sa ta bazuwa. Waɗanda ake ba da labarinsu, an taɓa sai suka rasu, yawanci ta riga ta bazu kafin su je. Gwajin ba wani abu ba ne, allurar kashe zafi ce a wurin, a cire tabon gaba ɗaya in ƙarami ne, ko a ɗebi wani yanki, a kai ɗakin gwaji a duba a madubin likita. Abin da ke da haɗari shi ne a kankare shi da reza a gida, ko a ƙona shi, ko a sa masa wani abu mai cin fata. Saman zai tafi, na ƙasa ya ci gaba da aikinsa, kuma an ɓata wa likita abin da zai auna zurfin da shi. Don Allah Yaya, ko dutsen goge kaushi kada a sa masa.

Ba melanoma kaɗai ce kansar fata ba, ita ce dai ta fi kisa. Akwai wadda likitoci ke ce wa BCC, ita ta fi yawa a duniya, tana tafiya a hankali, da wuya ta bazu. Akwai SCC, wannan ya kamata mu san ta, don ga baƙar fata ita ta fi yawa. Tana son tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya shekara bai warke ba. Ƙunar da aka yi tun ana yara, bayan shekara 20 ko 30 sai wurin ya buɗe, gefensa ya kumbura, yana wari yana jini, wannan ba na wanki da ɗauri ba ne kawai, a ɗebi nama a gwada. Sai zabiya. Su kam rana abokiyar gabarsu ce ta gaske, don ba su da melanin ɗin da zai kare su, kuma SCC tana kama su tun suna matasa. Duk mai yaro zabiya, hula mai faɗin baki, riga mai dogon hannu, man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, da guje wa ranar tsaka daga ƙarfe 10 zuwa 4, waɗannan ba gata ba ne, magani ne. Masu shafa man bilicin kuma, ku dai sani abin da kuke gogewa shi ne garkuwar.

Ko da ta bazu, yau ba kamar zamanin Bob Marley ba ne. Daga 2011 aka fara samun magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta yaƙi kansar da kanta. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun samu kyautar Nobel a 2018 saboda binciken da ya haifar da su. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, a 2015 aka samu melanoma a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa yana da shekara 90, aka yi masa tiyata, aka gasa ciwon da hasken na'ura, aka ba shi irin maganin nan, ya rayu har ya cika 100. Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Magungunan suna da tsada sosai, suna da nasu illolin, ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma irin ta tafin ƙafa ba ta jin su kamar ta sauran jiki.

Yaya, in za ku je, likitan fata za ku nema. In babu, kowane likita ya gani ya tura ku. Ki ɗauki hoton tabon yau da haske mai kyau, ki ajiye rula a gefensa don a ga girmansa, in akwai tsohon hoto da ƙafar ta fito ki tafi da shi. Ku faɗa masa tun yaushe aka fara gani, da cewa yana faɗi, kada kunya ta sa a rage. Ki ce a taɓa matsematsinsa a ji ko akwai kaluluwa. In aka ce ba komai ba ne aka ba da man shafawa ba tare da an duba da kyau ba, ki tambaya kai tsaye, likita, ko akwai buƙatar gwajin nama? Haƙƙinku ne ku tambaya. Su yara kuma ki bar su su yi wasansu da babansu, ba a ɗaukar ta ta hanyar taɓawa ko haɗa takalmi. Sai dai in akwai wani a danginsa na jini da ya taɓa yin irin ta, wannan ma a faɗa wa likitan. In sakamako ya fito ki turo min ta gefe in karanta miki, kada ki saka shi a nan. Allah ya sa mu ji alheri. Sai anjima.