Albarka ba yawa ba ce: amsoshin tambayoyinku

Wata uwa a Zumuntar Mata ta wata ƙaramar majami'a a karkarar Malumfashi ta aiko da tambaya. Ta ce ranar godiyar kaka fastonsu ya ce Ubangiji ya sa musu albarka bana, alhali ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna ba su cika ba. Da aka koma gida ɗanta ya ce wannan lallashi ne kawai. Tana so ta ji ko a Hausa ana kiran abu kaɗan albarka.

Mama, ana kira, kuma fastonku bai karya Hausa ba. Ɗanki ya haɗa kalmomi uku ne wuri ɗaya: arziki, wadata da albarka. Arziki shi ne rabon da mutum ya samu, shi ya sa ake cewa mai arziki. Wadata kuwa isa ce, abin da ke hannu ya biya bukata har ba a waiwayen na wani. Albarka, wadda muka aro daga Larabci tun da daɗewa, ba ta auna yawa sam. Ki saurari yadda muke faɗa: "Kuɗin nan ba su da albarka." Wa ke faɗin haka? Sau da yawa wanda ya karɓi albashi mai kauri, kafin tsakiyar wata ya neme shi ya rasa. Wata kuma ta ce, "Buhun nan ya yi albarka," domin ta zaci zai ƙare kafin shuka, sai ga shi ya kai su har sabon gero. Ko a kasuwa, idan kika taya kaya mai shi bai sallama ba, ba ya ce miki a'a, sai ya ce "albarka". Wato ko cinikin da bai faɗa ba, da fatan alheri ake rabuwa.

Akwai kalmar da mata suka fi mu sani, ita ce auki. Shinkafa mai auki, ki zuba gwangwani biyu ta cika tukunya. A ganina babu kalmar da ta fi ta kusa da abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna a labarin matar Zarefat, cikin 1 Sarakuna sura 17. Ɗan garin abinci ne ya rage mata a tulu, da ɗan mai, tana tsintar itace don ta yi abincin ƙarshe ita da ɗanta. Ta fara toya wa annabi Iliya. Nassin bai ce gidanta ya cika da buhuna ba. Abin da ya ce shi ne garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba, har ruwa ya sauko. Kullum ta leƙa tulun ɗan kaɗan take gani, kullum kuma ana ci.

Sai dai kada ki yi saurin kayar da yaron. Akwai gaskiya a ƙorafinsa. Mu mutane ne da ake tambayarmu "Yaya gida?" mu ce "Da godiya" ko da ba a ɗora tukunya ba. Ladabi ne mai kyau, amma yakan ɓoye yunwa. Idan aka ce wa ikilisiya tana da albarka, aka tashi, ba wanda ya bincika gidan da ba a hura wuta ba, to kalmar ta zama lallashin da ɗanki ya kira ta. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi kashedi a kan wanda zai ce wa mayunwaci ya sauka lafiya, ya ƙoshi, bai ba shi komai ba. Ki gaya wa ɗanki albarkar da fasto ya ambata tana nan, amma sai an auna mudu an kai gidan wani za a gan ta.

Wani mai bishara daga wajen Maraɗi, wanda ya ce masu sujadarsa suna taruwa a rumfar kara, ya tambaya ko zai iya kafa wa'azin godiya a kan karin maganar nan, "Da babu gara ba daɗi."

Malam, ni dai ba zan ba ka shawarar haka ba. Karin maganar gaskiya ce, amma ba ta godiya ba ce. Maganar wanda ya karɓa yana yatsina fuska ce, 'yar'uwar "da hanau gara mannau". Wanda ya faɗe ta ya riga ya yanke cewa abin ba daɗi, haƙuri kawai yake yi. Ka duba wanda ya kawo damin dawa ɗaya gaban bagade, daga gonar da ya yi wa noma uku, sa'an nan ya ji an ce gara shi da babu. Ka rena masa gumi ke nan ba da niyya ba.

Idan kana son karin magana, ga "Da yayyafi kogi kan cika," wadda ta dace da jama'ar da kowa ɗan kaɗan yake kawowa. Ga kuma "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Wannan ta biyu na fi so ga ƙananan majami'u, domin na ga yadda jiran taimako daga birni ko daga ƙetare ke kashe zuciya. A zauna shekara da shekaru ana jiran kwanon rufi, alhali akwai magina a cikin jama'a, akwai ƙasa, akwai masu iya yin tubali. Manzo Bulus, a 2 Korantiyawa sura 8, ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya ne domin sun bayar suna cikin matsanancin talauci, har suna roƙo a bar su su sa hannu. Amma ka haɗa ta da "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," kada wani ya ɗauka cewa neman taimakon ɗan'uwa abin kunya ne.

Wani ɗalibi ya tambayi bambancin baiko da zakka a bakin Kirista. A taƙaice, baiko daga bayarwa yake, shi ne abin da mutum ya sa da son ransa lokacin sujada, ba a ƙayyade masa ba. Kalmar ce dai ake amfani da ita wajen baikon aure. Zakka kuwa, a majami'a, kashi ɗaya cikin goma ake nufi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu ƙa'idoji: ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, da ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar. Kalma ɗaya ce, hukunci daban, don haka ka lura da wanda kake magana da shi.

Ta ƙarshe daga wata malamar makarantar Lahadi ce a Kano. Ta karanta wa yara labarin gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Haikali, a Markus sura 12, sai yaran suka yi dariya, don su gwauro kawai suka sani, namijin da ba shi da mata. Ta ce ko kuskuren fassara ne?

Malama, ba kuskure ba ne. Gwauruwa ita ce ta mace, jam'i gwauraye, kuma tsohuwar Hausa ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa yake cikin manyan masu yinsa, kuma bakin majami'a ya riƙe kalmomi da dama da bakin titi ya saki. Bazawara ba za ta maye gurbinta daidai ba, domin ta haɗa da wadda aka saka, kuma tana ɗauke da ma'anar mai jiran manemi. Ki ce wa yaran matar da mijinta ya rasu, sa'an nan ki koya musu kalmar, don za su yi ta gamuwa da ita.

In kin samu dama ki kai su Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni na farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima a kan gwauraye ne, waɗanda ake tsallakewa wajen rabon abincin yau da kullum, har aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan aikin. Bayan darasi ki tambayi yaran su lissafa gwaurayen da ke unguwarsu, Kirista da Musulmi. Za su san su fiye da dattawan majami'a, don su ake aika gidajen. Ranar Asabar ki raba su biyu-biyu, wasu su ɗebo ruwa, wasu su yi shara, wasu su kai ɗan abin da Zumuntar Mata ta tara.