Mama ta daina shan maganin hawan jini saboda wani bidiyo

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ina neman shawara. Mamarmu ta daɗe tana shan maganin hawan jini, to kwanan nan aka turo wani bidiyo a guruf ɗin dangi na WhatsApp, wani mutum da farar riga yana cewa maganin asibiti kashe ƙoda yake, wai a koma zoɓo da tafarnuwa, a ƙarshe ya sa lambar waya a sayi garin maganinsa. Yanzu Mama ta ce ita ta daina sha. Ya zan gane ko gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lallaɓa Mama ta koma kan maganinta yau ɗin nan, don hawan jini ba ya sallama kafin ya kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma in aka barshi ba magani shi ne ma yake cinye ƙodar da ake tsoron.

Zoɓo kam bincike ya nuna yana ɗan sauke jini, shi ya sa irin wannan magana take saurin shiga zuciya, sai masu irin wannan bidiyo su ɗauko gaskiya guda su naɗe ƙaryarsu a ciki. Amma bai kai ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta ba.

Farar riga kuma kowane tela zai ɗinka miki. Ya faɗi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki? Likitan gaske a Najeriya yana da rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Shi wannan ga lambar waya ya sa, kinga kasuwa yake ci. Kuma duk wanda ya ce garin magani guda ɗaya yana maganin hawan jini da suga da basir da sanyi gaba ɗaya, wallahi ki rabu da shi. Ko lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, yawanci tana nufin an duba ba shi da cutarwa ne, ba shaida ba ce cewa yana warkarwa.

Ki tuna wa Mama watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da saƙo ya zagaye wayoyi cikin dare wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, mutane suka tashi 'yan uwansu da asuba don ƙauna, aka kwantar da da yawa a asibiti har aka rasa rayuka. Dangi ne suka tura wa dangi.

Ki raka ta asibiti da wayar a hannu, ki kunna wa likitanta bidiyon, a auna jininta, in ƙodar ce ke damunta ki roƙa a yi mata gwajin ƙoda ta ga sakamakon da idonta.