Gyambon Baba ya ƙi jin magani, mu barbaɗa masa kafso?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina karatun aikin lafiya a nan Daura. Mahaifina yana da ciwon suga, wata huɗu ke nan yana fama da gyambo a tafin ƙafa. Ya sha Ampiclox, ya sha cipro, an yi masa allura ta kwana biyar. Sai ya yi kamar zai bushe, bayan mako guda ya dawo da ruwa da wari, wani lokaci bandejin har kore-kore yake yi. Wani mai kemis ya ce mu riƙa fasa kafso muna barbaɗawa a ciki. Wallahi tsoro nake ji kada a ce za a yanke ƙafar.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Baba lafiya. Gyambon da ya kai wata huɗu yana lafawa yana dawowa, da wuya a ce babu bayofilim a cikinsa. Kin san santsin da ke kama cikin randa idan ta kwana biyu ba a wanke ba? Ko kin canza ruwa sau goma yana nan, sai an sa soso an dirje. Irinsa ne bakteriya ke ginawa a kan naman ciwo.

Da zarar ƙwayar ta samu wurin mannewa, wani sinadarin saƙo da ke cikinta, c-di-GMP, sai ya ƙaru. Shi ke sa bakteriyar da ake kira Pseudomonas aeruginosa ta daina iyo, ta kunna ƙwayoyin gadon da ke sarrafa yauƙi na sukari da furotin da DNA. Wata bakteriyar, Staphylococcus aureus, tana da nata rukunin ƙwayoyin gadon, ica, mai irin wannan aiki. Sannan suna ƙidayar juna: kowace tana sakin ɗan sinadari, idan ya taru ya kai wani mizani sai su san sun yi yawa, su kunna ƙwayoyin gadon dafi a tare. Koren da kike gani a bandeji yana iya zama launin da Pseudomonas ke fitarwa ta wannan hanya, kuma Ampiclox ba ya taɓa ta ko kaɗan.

A ƙasan yauƙin iska da abinci sun yi ƙaranci, ƙwayoyin can kusan barci suke yi. Dangin fenisilin kuwa, irin su Ampiclox, ƙwayar da ke rabuwa tana hayayyafa suke kashewa. Magani ya share na sama, ciwo ya yi kyau, a daina, na ƙasa su farka. A ɗakin gwaji, abin da ake buƙata don kashe ƙwayar da ke cikin bayofilim yakan ninka na wadda ke yawo sau ɗari, har dubu.

To, maganar barbaɗa kafso. Wannan ɗabi'a ta cika gari, daga ja-da-yalo zuwa Ampiclox, kuma ban san wanda ya ba mai kemis izinin duba ƙafar mai suga ba. Garin kafso don ciki aka yi shi. Ba a tsarkake shi don buɗaɗɗen nama ba, kuma gauraye yake da wasu garuka na cika kafso. Yana haɗuwa da ruwan ciwo ya daskare ya yi ɓawo, mutanen gida su ce alhamdulillahi ya bushe, alhali mugunya ce aka rufe wa ƙofa tana cin nama ta ƙasa. Abin da ya fi wannan muni, ɗan abin da ke ratsa yauƙin ya kai ƙasa bai isa kisa ba, sai dai ya zama gargaɗi. An nuna tun 2005 cewa ƙaramin adadin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tobramycin yana sa Pseudomonas ta ƙara gina bayofilim, an kuma ga irin haka ga Staphylococcus da dangin fenisilin. Wato da kuɗinku kuke saya wa ƙwaya tubali. Kuma duk wadda ta tsira daga barbaɗen yau, ita ce za ta ƙi jin allurar asibiti gobe. Masu cewa sammu ya taka ma, a bar su da addu'a, kada su kusanci ciwon da toka ko man birki.

Abin da Baba ke buƙata shi ne likitan fiɗa ya kankare mataccen nama da yauƙin, amma sai an fara duba ko jini na isa ƙafar. Ba sau ɗaya ake yi ba, domin bayofilim yana sake kafuwa cikin kwana biyu zuwa uku; a wannan tazara ne magani ke cin ƙwayar. A ɗauki samfur daga naman ƙasa bayan an kankare, auduga da aka shafa a sama ba ta faɗin gaskiya. Sakamakon ne zai zaɓi maganin. A yi hoton ƙashi, don idan ciwon ya kai ƙashi ana maganar makonni shida ne na magani, wani lokaci da aiki. Wanki da ruwan gishiri na asibiti, mai kashi 0.9 cikin 100. Ya daina taka wurin, a kuma daidaita sugansa, in ba haka ba duk sauran aikin banza ne.

Ki kai shi babban asibitin gwamnati da ke Daura cikin makon nan, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan kuwa zazzaɓi ya shigo, ko kumburi ya hau sama da idon sawu, ko yatsa ya fara baƙi, a tafi a daren.