Adireshin kula da OLT: da hannu ake sa shi

Ka tambaya: tunda DHCP yana raba wa na'urorin kwastomomi adireshin IP ba tare da mun sa hannu ba, me zai hana ya ba sabon OLT ɗin Kubwa, wato na'urarmu da wayoyin fayba na gidajen unguwar ke haɗuwa a kanta, nasa adireshin? A'a, yarona, ba a haka.

Adireshin kulawa shi ne ƙofar da za ka shiga na'ura ranar da komai ya tsaya cak. A ce an ɗauke wuta, ta dawo, sabar DHCP ba ta tashi ba, ko ta tashi ta ba OLT wata lamba daban. Kwastomomi na ta kira, kai kuma ba ka san a wace lamba za ka same shi ba. Sai dai ka ɗauki kwamfuta ka kama hanyar Kubwa cikin dare. Shi ya sa muke sa lambar da hannu, ta zauna daram.

Ba kowace lamba ba kuma. Tun 1996 aka ware rukuni 3 don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Mu na 10 muke ɗauka. Na 192.168 ya cika cunkoso: na'urar MikroTik daga kwali da 192.168.88.1 take zuwa, rediyon Ubiquiti da 192.168.1.20, na'urorin gidajen mutane ma yawanci a nan suke. Ka sa OLT a cikinsu, wata rana lambobi biyu za su yi karo. Lambobin fili kuwa, waɗanda ake iya kaiwa gare su daga ko'ina a intanet, da AFRINIC hukumar raba lambobi a Afirka ke bayarwa, sun yi ƙaranci, kuma ko da muna da su birjik ba zan sa wa OLT ba, don duk ɗan kutsen duniya zai iya gwada sa'arsa a kai.

Kowace unguwa da nata /24, wato lambobi 254. Gwarinpa 10.20.1, Lugbe 10.20.2, Kubwa 10.20.3. Lamba ta 1 ta mashiga ce, wato na'urar da saƙo ke bi ya fita daga rukunin, OLT daga 10, suwic mai haɗa wayoyin na'urori daga 50, rediyo daga 100. Ko barci kake aka ce 10.20.3.12 ta faɗi, ka san unguwar, ka san irin na'urar.

Ka ware wa lambar kulawa VLAN nata, wato keɓantaccen layi a cikin suwic, kuma kada ya zama VLAN 1, don kusan kowane suwic da shi yake zuwa a buɗe. Kwastoma bai kamata ya iya ko taɓa wannan lambar ba.

Nan ne yara suka fi faɗuwa, ka buɗe kunne. A kan teburin shago za ka yi aikin, da wayar konsol mai haɗa kwamfuta da na'ura kai tsaye, ka sa gudunta a 9600 in Huawei ne. Ka sa adireshi, ka sa VLAN, ka sa mashiga. Ka manta mashiga, na'ura za ta amsa maka a kusa, daga ofis kuma shiru. Ka buɗe SSH, hanyar shiga daga nesa mai tsaro, ka rufe telnet marar tsaro, ka canja kalmar sirrin kamfani. Sannan ka adana! Wanda bai adana ba, ɗaukewar wuta ɗaya ta share masa aikin. Kuma kada ka kuskura ka canja adireshin daga nesa babu kowa a wurin.

ONU, wato ƙananan na'urorin fayba na gidaje, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, OLT ne ke kula da su ta tsarin da ake kira OMCI.

Gobe ka zo da littafin lambobi. Kafin ka taɓa waya, ka rubuta 10.20.3.10 da sunan wurin.