Ku Tambaye Mu: Tsohuwar motar tsere mai tambarin Saudia

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma tun da aka fara gasar tseren motoci ta Formula One a bakin tekunmu a 2021 nake bibiyar tseren. Na ga hoton wata tsohuwar mota fara da kore, an rubuta mata Saudia a jiki, an ce ta 1980 ce. Shin ƙirar ƙasar nan ce, kuma me ta taɓuka? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motar da ka gani Williams FW07 ce, kuma a Ingila aka ƙera ta, a kamfanin Frank Williams, bisa zanen injiniya Patrick Head. Gudummawar Saudiyya ita ce kuɗin ɗaukar nauyi, waɗanda suka fito daga kamfanin jiragen sama na Saudia da wasu 'yan kasuwa, kuma su ne suka tsamo ƙungiyar tseren Williams daga ƙuncin da ta daɗe a ciki.

Injinta bai bambanta da na yawancin abokan hamayya ba, domin Cosworth DFV ne mai silinda 8, wanda yawancin ƙungiyoyin Ingila ke saye a wancan zamani. Sirrinta yana ƙarƙashinta. An lanƙwasa cikin gefunanta biyu kamar fiffiken jirgin sama da aka kife, ta yadda iskar da ke ratsawa ta ƙasa za ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, motar ta manne da kwalta ko a kwana mai tsanani. A kowane gefe kuma akwai wani faifai mai zamewa sama da ƙasa yana gogar titi, don kada iskar waje ta kutsa ta ɓata aikin. Kamfanin Lotus ne ya fara cin gajiyar wannan dabara, amma a ganina Head ya fi su fahimtar cewa dabarar ba ta da amfani idan gangar jikin motar tana murɗewa, shi ya sa ya gina ta da alminiyam mai ƙwari ba tare da ya ƙara mata nauyi ba.

Ta fara tsere a 1979, kuma a watan Yulin shekarar direbanta Clay Regazzoni ya ci gasar Birtaniya a Silverstone, nasarar farko a tarihin Williams. Alan Jones ɗan Ostareliya ya ƙara huɗu kafin kaka ta ƙare, sannan ya zama zakaran duniya a 1980. Ƙungiyar ta ɗauki kambun masu ƙera motoci a 1980 da 1981, motar kuma ta tara nasarori 15. A 1981, duk da an haramta faifan nan masu zamewa, direban Williams Carlos Reutemann ya kai gasar ƙarshe ta Las Vegas yana kan gaba, amma Nelson Piquet na ƙungiyar Brabham ya ƙwace masa kambun direbobi da tazarar maki ɗaya tak.